Kafin Ki Zaɓi Fanni, Ummi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Daga Umdurman, zuwa ga 'yata Hawwa'u, wadda ban taɓa iya kiran sunanta ba saboda sunan mahaifiyata ne, sai dai in ce Ummi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya a lokacin da za ki buɗe ta, kafin ranar tafiyarki. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya raba ki da sharrin baƙunta.

Ina rubutun nan ne a ƙarƙashin rakuba, rumfar nan ta tsakar gida, bayan la'asar, ke kuma kina ɗaki da mahaifiyarki, ina jin ku kuna gardama kan yawan yajin da jaka za ta iya ɗauka. Babu nisa tsakanina da ke, amma kin san halina. In na zo faɗin magana mai nauyi a gabanki, sai in ɓige da tambayar ko kin ci abinci. Shi ya sa na ce bari in sa ta a takarda, ki karanta a tsanake ba tare da kina kallon fuskata ba.

Ba labarin gida zan ba ki ba, kin fi ni saninsa. Magana ɗaya ce ta zaunar da ni, ita ce abin da za ki karanta. Kin yi mini bayani har na gane cewa a ƙasar da kika samu gurbi ba a shiga likitanci daga sakandare kai tsaye kamar yadda ake yi a nan. Sai mutum ya fara digiri na farko a fannin da ya zaɓa, ya haɗa da darussan kimiyyar da makarantar likitanci take nema, ya zauna wata jarrabawa, sannan a duba ko za a ɗauke shi. Ke kin ce ranki yana kan ilimin harsuna, ki riƙa ɗaukar kimiyyar tare da shi. Baffanki Usman ya ce bayoloji, babu wata magana. Ni kuma ranar Jumu'ar da muka ci abinci tare na bi bayansa. Zan zo kan wannan. Amma bari in fara da kaina, domin ni ma na taɓa tsayawa a irin wurin da kike tsaye, kuma ban tsaya da kyau ba.

Kakanki, Allah Ya jiƙansa, tela ne a Kasuwar Umdurman, a layin masu yadi. Mahaifinsa ya taso daga ƙasar Katsina da niyyar hajji, ya sauke farali, a hanyar komawa ya yada zango a nan bai ƙara gaba ba. Ni ne na fara kaiwa ajin ƙarshe na sakandare a gidanmu, kuma tun ina ƙarami duk wanda ya tambaye ni abin da zan zama, amsata ɗaya ce: daktor. Sai da na girma na gane dalilina. Ina zama a shagon mahaifina bayan makaranta, ina jin yadda wasu ke yi masa magana kamar baƙon da ya sauka jiya, alhali a garin aka haife shi. Shi ba ya damuwa, sai ya ci gaba da taka kekensa. Ni ne abin yake ci. Ina so in ga ranar da waɗannan mutane za su miƙe tsaye don ɗansa ya shigo. Wannan shi ne duk likitancina. Ban taɓa tambayar kaina mene ne aikin ba.

Na zauna jarrabawar shahada ta gama sakandare, makina bai kai na kulliyar likitanci a jami'a ba. Na ce zan sake. A cikin shekarar da nake maimaitawa ne babban almakashi ya zame wa yayana Usman ya yanke shi a tafin hannu, aka ce in raka shi asibiti tunda ni ne likitan gobe. Na tafi da ƙafafa. Da aka kwance tsumman da muka ɗaure hannun da shi, na ga yadda naman ya rabu, sai na ga bango yana juyawa. Na farka a kan benci a waje, wata mata tana yi mini fifita da kwali. Usman, da hannunsa a ɗinke, shi ya riƙo ni muka koma gida. Har yau in yana so ya ba ni haushi, wannan labarin yake tayarwa.

Da ina da hankali, da ranar na zauna na yi tunani. Sai na ce yunwa ce. Na sake zama jarrabawar, na sake kasa kaiwa. A lokacin na ɗauka duniya ta ƙare. Yau in na tuna, godiya nake yi wa Allah da Ya rufe mini ƙofar, Ya kuma tsare marasa lafiyan da da sun faɗo hannuna.

Na san ke ba haka kike ba, na gani da idona. Duk da haka ki ci gaba da gwada kanki. In kin je can, ki nemi hanyar shiga asibiti ko da aikin sa kai ne, ko da tura keken marasa lafiya ne. Ki shaƙi warin wurin, ki ga masu ciwon da ba sa godiya, ki ga likita a ƙarshen yini yadda fuskarsa take. Daga nan ki tambayi kanki: in aka cire farar rigar, aka cire sunan, aka bar miki aikin zalla, kina sonsa? In amsar e ce kowace shekara, to ki riƙe. Kada ki zama likita don rama wa kowa wulaƙanci. Wanda ya raina mu ba zai daina ba don kin rataya abin auna bugun zuciya a wuya, kuma ba shi ne zai tsaya miki a ɗakin tiyata ba.

Makina ya kai ni kulliyar noma. Na shiga kamar wanda aka kai gidan yari. Ina zama a bencin baya, duk wanda muka gaisa da shi sai na sanar da shi cewa ni ba ɗan nan ba ne, ina jiran a yi mini canji ne zuwa likitanci. Babu wani canji da ke zuwa, ni ma na sani. Darasin kemistiri kuwa ban san sau nawa na yi barci a cikinsa ba. Ina cin jarrabawa da ƙyar, da haddar da ke zubewa da zarar na fito daga ɗakin.

Haka na yi ta tafiya har ranar da aka kai mu aikin gani da ido a Aljirif, bayan ruwan Nilu ya janye. Malaminmu wani dattijo ne mai ƙaramar murya, ba ya faɗa. Ya sa muka tuɓe takalma muka shiga gonakin bakin kogi. Ya nuna mana wata gona da ta yi kore shar, ga kuma maƙwabciyarta da gishiri ya fito mata fari fat a sama, shukar duk ta ƙanƙance. Ruwa ɗaya suke sha, rana ɗaya take dukansu. Ya waiwayo ya same ni a can baya na harɗe hannu.

Ya ce, "Kai ne mai jiran tafiya likitanci, ko? To kafin ka tafi, ga mara lafiya nan kwance a gabanka. Duba mana shi, ka faɗa mana abin da ke damunsa."

'Yan ajinmu suka yi dariya, shi bai yi ba. Da gaske yake tambayar. Na durƙusa na damƙi ƙasar, na yi ta murza ta. Mai gonar yana tsaye a gefe yana kallona, yana jira ko ɗan jami'a zai faɗi wani abu da zai cece shi. Wannan kallon ne ya bi ni gida. A karon farko tun shigata kulliyar na ji ina so in san wani abu don kansa. Da na buɗe littafi don in gano dalilin gishirin, sai na tarar duk amsar tana cikin kemistirin da na yi barci a kansa. Dole na koma ina zama da 'yan ajin ƙasa da mu, ina roƙon su koya mini abin da ya kamata a ce ni nake koya musu.

Kin san sauran labarin. Na yi rayuwata ina bin gonakin bakin kogi, ina zama da manoma muna shawarar ruwa da taki, kuma ban taɓa tashi da safe ina ƙin aikina ba. Ta wannan aikin na san wani manomi mai yawan gardama da ya ƙi yarda da duk abin da na faɗa masa sai ya gwada, shi ne kakanki na wajen uwa. Ta nan na san mahaifiyarki. Kin ga ashe wurin da na shiga ina kuka, a nan Allah Ya ajiye mini duk abin da nake taƙama da shi yau, har da ke.

Abin da nake so ki ɗauka a nan shi ne, kada ki mai da digirinki na farko ɗakin jira. Shekarun nan na rayuwarki ne, ba a mayar wa mutum da su. Duk fannin da kika shiga, ki shige shi da ƙafa biyu, ki zauna a gaba, ki san malamanki su san ki. Ki zaɓi abin da zai iya tsayawa da kansa ko da likitancin ya yi jinkiri, domin yakan yi, kuma ba laifin kowa ba ne. Sannan kemistiri. Ko me kika zaɓa, ki kama shi tun daga makon farko, kada ki bari ya taru. Darasi ne da ba ya yafe wa wanda ya wofintar da tushensa, ki tambaye ni.

Akwai wani abu kuma da na yi a jami'a wanda ban taɓa gaya miki ba, ko da yake kin ga sakamakonsa. Na ajiye Hausa. Ba wanda ya ce in ajiye. In ɗan'uwa ya gaishe ni da ita a harabar kulliya, sai in amsa masa da Larabci, in yi sauri in wuce. A gida ina ji, ina mayarwa gwargwado, amma tunanina da lissafina da mafarkina duk suka koma Larabci. Na ɗauka wayewa ce.

Kin tuna ranar da muka kai mahaifiyata, wadda kuke kira Habboba, asibiti a Khartum? Kina 'yar sakandare ta ƙasa lokacin, kika nace sai kin bi mu don ke kike riƙe mata buta da mayafi. Kin san Larabcinta na ciniki ne da gaisuwa, in ciwo ya kama ta kuwa sai ya gudu ya bar ta da Hausa zalla. Likitar wata mata ce siririya, Balarabiyar arewacin ƙasar nan, da layin mutane a bakin ƙofarta har bakin matakala. Ta tambayi abin da ke damun tsohuwa. Habboba ta dafa ciki ta ce zuciyarta ce ke tashi, ko ƙanshin mai ta ji sai zuciyarta ta tashi. Ni kuma, da tsoro ya cika ni, na juya na gaya wa likita da Larabci cewa zuciyarta ce take ciwo. Na san maganar sarai, tun ina yaro nake jin ta. Amma na daɗe ban zauna a cikin harshen ba, sai na ɗauko kalmar ɗaya na miƙa, na bar ma'anar a baya. Likita ta jawo takarda za ta tura mu sashen zuciya.

Sai kika taɓa hannuna kika ce, "Baba, ba zuciya take nufi ba. Amai take ji."

Kika juya wajen likitar kika yi mata bayani da Larabci cewa mu in mun ce zuciya ta tashi, tashin amai muke nufi, kuma kakarki tana jin hakan ne musamman bayan ta ci abu mai maiƙo, sannan ciwon yana bin ta har kafaɗar dama. Wannan na kafaɗar ma ni ban sani ba, ke take gaya wa in kina matsa mata baya. Likitar ta ajiye alƙalami. Ta jawo kujerarta kusa da ke, ta sa kika maimaita mata kalmar har ta iya faɗa, ta ce masu zuwa wurinta da wannan harshe suna da yawa, kuma Allah kaɗai Ya san nawa ta tura inda bai dace ba. Daga nan ta riƙa tambaya kina fassarawa. Aka yi hoto aka ga tsakuwa a matsarmama. Aka yi aiki, Habboba ta tashi, ta ƙara shekaru masu albarka a cikinmu, har ta ga kin haddace izu mai yawa kafin Allah Ya karɓi abarSa.

A hanyar dawowa, a cikin raksha, babur ɗin nan mai ƙafa uku, ban ce miki komai ba. Ya kamata in ce na gode. Ga shi ina faɗa yanzu: na gode, Ummi. Allah ne Ya ja kwanan mahaifiyata, amma ta bakinki Ya bi.

Saboda haka bai kamata in yi mamaki ba da kika zo da maganar harsuna. Na ga farkonta. Na kuma ga ci gabanta lokacin da yaƙi ya kore mu daga gidan nan muka zauna wurin 'yan'uwa a Gadarif. Makarantu a rufe, jarrabawa ana ta ɗagawa, manya ma sun rasa abin yi da kansu. Ke kuma da safe kina koya wa ƙannenki karatu, da hantsi ki tafi ɗan asibitin da aka kafa wa masu gudun hijira ki yi ta fassara tsakanin ma'aikata da tsofaffi, da yamma ki buɗe littattafanki kamar gobe ne jarrabawar. Kina dawowa da labarai. Ban manta da na dattijon da ya shigo ya ce yana da shawara ba, wani saurayi ɗan Hausawa irinku da Larabci ya fi ƙarfi a bakinsa ya gyara zama ya ce to Baba muna saurare, alhali idon mutumin ya yi rawaya kamar kurkum. Mun yi dariya ranar har da hawaye, a lokacin da dariya take wuya. Amma ke da kika gama dariyar sai kika ce irin wannan kuskuren yana iya kashe mutum. A wancan zaman, ganin ki kina tashi kowace safiya da abin yi shi ya hana ni karyewa. Wannan ma ban gaya miki ba.

Yanzu bari in zo kan ranar Jumu'a. Baffanki ya yi magana mai tsawo, ya ce an samu dama irin wadda ba a samu sau biyu, bai kamata a yi wasa da ita ba, duk wanda zai zama likita bayoloji yake karantawa. Kika yi masa bayani cikin ladabi cewa makarantun can suna karɓar kowane fanni muddin an cika darussan kimiyya da maki mai kyau. Ni kuma na buɗe baki na ce, ashe duk wahalar nan da aka sha don ki je ki koyo surutu ne. Na ga yadda kika sunkuyar da kai, kika ajiye lomar kisrar da ke hannunki.

Bayan baƙi sun watse, mahaifiyarki tana kwashe kwanuka, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Malam, ba ita ce makinta bai kai ba. Kai ne. Ka daina sake zama jarrabawarka a jikin yarinyar nan."

Na ji zafin maganar, na fita na bar mata gidan. Na taka har bakin kogi na dawo, kafin in iso ƙofa na san gaskiya ta faɗa. Yaron nan da ke zama a shagon tela yana jiran a miƙe masa tsaye, ashe bai mutu ba, ya samu wadda zai aika ne kawai. Ki yafe mini wannan kalma. Abin da ya tsayar da likita ta ajiye alƙalaminta ba surutu ba ne.

To amma kada ki ɗauka na juya gaba ɗaya na ce ki bi son ranki ido rufe. Ni uba ne, dole in faɗa miki inda tsorona yake. Mai karanta bayoloji hanyarsa ɗaya ce, darussan da likitanci ke nema suna cikin fanninsa, abokan karatunsa duk inda ya nufa suka nufa, in ya yi tuntuɓe akwai mai ɗaga shi. Ke in kin ɗauki harsuna kaya biyu za ki ɗauka. Za ki fito daga ajin nahawu ki ruga ɗakin gwaje-gwaje, kuma ranar da za a duba takardunki ba wanda zai rage miki don kin fi wasu nauyi. Ga sabon harshen karatu, ga sanyi, ga kewa. Na san ƙarfinki, amma na san kuma ba kya iya cewa kin gaji sai kin faɗi. Wannan halin nawa ne kika ɗauko, ba abin alfahari ba ne.

A ɗaya gefen kuma, na ga bambancin karatun da mutum yake yi don dole da wanda yake yi don yana ƙishinsa, a jikina na gani. Abin da kike so za ki fi cin sa da maki mai kyau, zai kuma riƙe ki a ranakun da komai ya yi duhu. Kuma ƙasar nan, in Allah Ya zaunar da ita, ba ƙarancin masu sanin sunayen ƙasusuwa kaɗai take fama da shi ba. Ki je unguwar Dar Salam ki ga yawan harsunan da ke cikin layi ɗaya na gidajen laka, kowace uwa da yadda take faɗin ciwon ɗanta.

Shawarata ita ce kada ki yanke hukunci a gidan nan, da muryoyinmu a kunnenki. Kin ce ana ba ɗalibi lokaci kafin ya tsayar da fanni. Ki yi amfani da shi. A shekarar farko ki ɗauki kemistiri da bayoloji, ki ɗauki darasin harsuna ko ɗaya ne, ki ga yadda jikinki da kanki za su ɗauka. Ki je wurin malaman da aka ajiye don ba da shawara, ki tambaye su dalla-dalla abin da makarantun likitanci ke nema daga baƙo irinki, domin na ji ana cewa ƙofar baƙi ta fi ƙunci, gara ki san girmanta tun da wuri. Ki nemi waɗanda suka riga ki bin hanyar, waɗanda suka samu da waɗanda ba su samu ba, na biyun sun fi faɗin gaskiya. Ki yi istihara. Daga nan ki zaɓa. Kada ki ɗauki harsuna don ki nuna wa Baffanki iyakarsa, kada kuma ki ɗauki bayoloji don ki faranta mini. In kin zaɓa daga baya kika ga ba daidai ba, ki canza ba tare da jin kunya ba. Ni kunya ce ta cinye mini shekaru.

Ki riƙa cin abinci mai zafi ko sau ɗaya a yini. Ki yi barci, haddar mai gyangyaɗi ba ta zama. Ki kiyaye sallarki a kan lokaci, za ta raba miki yini ta hana shi haɗiye ki. Ki yi ƙawaye a cikin waɗanda ba fanninku ɗaya ba, har da waɗanda ba addininku ɗaya ba in masu mutunci ne. In kin faɗi wata jarrabawa, ki kira ni kafin ki kira kowa, domin a gidan nan babu wanda ya kai ni sanin yadda ake faɗuwa a tashi. Kuma kada ki ɗora mu a kanki. Ba mu aike ki ki ceto dangi ba. Mun ga abin da ya fi wannan, Allah Ya fitar da mu, Ya dawo da mu gidanmu ko da mun tarar babu ƙofofi. Shi zai ci gaba da riƙe mu.

Shekaranjiya na je kasuwa wurin Baffanki. Na same shi a kan tsani yana gyara rufin shagon da kansa, ya ƙi yarda a kira masa kowa. Na gaya masa na janye maganata, na bar miki zaɓi. Ya sauko ya yi ta faɗa, ya ce mu 'yan boko kullum sai mun wahalar da abu mai sauƙi. Na bar shi ya gama. Da aka kawo mana jabana, gahawa mai zafi, ya kurɓa, sai muryarsa ta sauka. Ashe ba bayoloji ne damuwarsa ba. Ya ce yana tsoron in kin shiga wani fanni daban za ki saba da can, likitancin ya shiririce, ke ma ki shiririce mana, kamar 'ya'yan mutane da yawa da suka tafi sai dai murya a waya. Ya ce shi ya yi miki huɗuba ranar da aka haife ki, don ni ina can bakin kogi ba a same ni ba.

Sannan ya ce, "Ka gaya mata ta karanta duk abin da ta ga dama. Amma ta dawo. Idon nan nawa ya fara hazo, ba na ganin ramin allura, kuma ba zan bari kowa ya taɓa shi ba sai ita."

Na ce masa ko kin zama likita ba lalle ki zama ta ido ba. Ya ce wannan matsalarki ce.

To kin ji saƙonsa. Ban yi masa alkawari a madadinki ba, domin dawowa da lokacinta a hannun Allah suke. Na dai faɗa miki don ki san cewa faɗan da kika ji ranar Jumu'a ba raini ba ne. Ki je ki yi masa sallama ta musamman kafin ki tafi, ke kaɗai. Zai ba ki yadi, ki karɓa, kada ki ce jaka ta cika.

Ranar tafiya zan raka ki tasha. Ina gaya miki tun yanzu, da zarar kin zauna an rufe ƙofar mota zan juya in tafi, ba zan tsaya ɗaga hannu ba. Mahaifiyarki za ta tsaya, ita ta iya. In kin hango bayana ina sauri, kada ki ɗauka wani aiki ne yake jirana. Babu inda za ni.

Allah Ya yi miki albarka, Ummi. Ya buɗe ƙirjinki ga ilimi mai amfani, Ya zaɓa miki abin da ya fi alheri ko da ba shi muka zata ba. Ya sa hannunki ya zama sanyi ga masu ciwo, kunnenki ya zama mai haƙuri da maganarsu. Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya, Ya nuna mana fuskarki cikin aminci. Na yafe miki duk abin da kika sani da wanda ba ki sani ba, duniya da lahira, ko da yake na duba ban sami abin yafewar ba.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Mahaifinki, mai godiya ga Allah da Ya ba shi ke.